Injiniyan da ya haɗa min kwafin NAS a faifan waje: inda ya burge ni da inda muka yi sa-in-sa

Tun da 'yan'uwana masu ɗaukar hoto suka ji an haɗa min tsarin kwafe na'urar ajiyar gidana, wato NAS, zuwa faifan waje ake ta kirana ana tambaya: wa ya yi aikin, kuma kuɗin ya biya? Aikin ya yi kyau, in buƙata ta sake tasowa shi zan kira. Amma akwai wuraren da sai da na tsaya a kansa kafin aka yi daidai, kuma ba zan ɓoye su ba, don abin da muke ajiyewa ba namu ba ne, na mutane ne.

Sana'ata ɗaukar hoton biki, ɓangaren mata zalla: kamu, sa lalle, yinin biki, walimar mata, suna. A Tudun Wada ta Kaduna nake zaune, aiki yana kai ni Unguwar Rimi, Kawo, Rigasa, wani lokaci har Zariya. Dalilin da ya sa iyaye da angwaye ke kirana shi ne ba sa son namiji ya shiga inda amarya da ƙawayenta suka ajiye mayafi. To kun ga kowane hoto da ke hannuna amana ne ta fuska biyu: kada ya ɓace, kuma kada idon da bai dace ba ya gan shi. Ɗanyen hoto guda daga kyamarata yana cin megabait 25 zuwa 30, in aka haɗa da bidiyo biki ɗaya yakan wuce gigabait 100. Ga kuma na gida: takardar filinmu ta KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Kaduna, da muka ɗauki hotonta, takardun makarantar yara, da hotunan mahaifina, Allah Ya jiƙansa, waɗanda na bi dangi na tattaro.

Duk waɗannan suna cikin NAS, wata 'yar akwatin ajiya ta kamfanin Synology na ƙasar Taiwan, da ke kan kanta kusa da rawuta, na'urar da ke raba intanet a gida, a ɗakin da nake gyaran hoto. Ramin faifai biyu gare ta, kowanne da faifan terabait 4, kuma an tsara su ne yadda duk abin da aka rubuta a ɗaya za a rubuta a ɗayan nan take. Shi ya sa wurin da nake da shi na faifai ɗaya ne, shi ma na'urar 3.6 take nunawa ba 4 ba, saboda masu ƙera faifai da 1,000 suke lissafi, kwamfuta kuma da 1,024.

Wannan tagwayen faifan ne ya sa maigidana bai ga dalilin ƙarin kashe kuɗi ba. Ranar da injiniyan ya fara zuwa, bayan sun gaisa a falo, tambayar da ya fara yi masa ke nan: "Malam, ba faifai biyu ne a ciki ba? Na me kuma za a ƙara na uku?" Yaron bai yi dogon turanci ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, in faifai ɗaya ya mutu, ɗayan zai riƙe, wannan gaskiya ne. Amma in aka goge folda bisa kuskure, a duka biyun za ta gogu. In tsawa ta biyo waya, duka biyun suna jone. In ɓarawo ya shigo, akwatin gaba ɗaya zai rungume." Maigida ya yi shiru, sannan ya ce a ci gaba. Wannan amsar ce ta fara sa na yarda da shi, don a nan Kaduna babu ɗaya cikin ukun da baƙo ne. Duk wanda ya taɓa ganin hadarin farkon damina, wajen Afrilu zuwa Mayu, ya san yadda ake kwana da talabijin da firij lafiya a wayi gari sun ƙone.

Akwai na huɗu da ni na riga na sani daga karatun da nake yi kan sana'a, wato manhajar da ke kulle fayiloli a ce sai an biya kuɗin fansa. Irin waɗannan akwatunan na gida suna cikin abin da ake farauta. A 2014 an yi SynoLocker da ta addabi na'urorin Synology, a 2021 Qlocker ta kama na kamfanin QNAP, a Janairun 2022 DeadBolt ta biyo baya. A watan Yunin 2021 ma mutane a ƙasashe da dama sun tashi sun tarar an share musu akwatunan ajiyarsu samfurin My Book Live ƙarƙaf ta intanet. Abin lura a nan shi ne faifan waje da aka bari maƙale da na'urar dare da rana, wanda ya samu shiga na'urar ya samu shiga shi ma. Saboda haka tun farko na gaya wa injiniyan ina son kwafin da za a cire a ajiye. Ya ce shi ma da ma abin da zai ba ni shawara ke nan, har ya ƙara da cewa a sayi faifai biyu ana musanyawa.

Shagonsu yana saman wani bene a titin Ahmadu Bello, cikin jerin masu sayar da kayan kwamfuta da gyaran laftof. Ba babba ba ne. Abin da ya yi a wajen sayen faifan ya kamata kowane mai shago ya koya. A gabana ya yanke ledar kwalin, ya jona faifan a laftof ɗinsa, ya buɗe wata manhaja mai suna CrystalDiskInfo, ya juyo min da fuskar ya nuna min layin da ke faɗin awa nawa faifan ya taɓa yi a kunne da sau nawa aka kunna shi. Ya ce kowane faifai yana riƙe da wannan lissafin a cikinsa, kuma ta nan ake fara gane tsohon da aka sake wa kwali aka kira shi sabo. Ya gwada lambar da ke jikin kwalin da wadda manhajar ta nuna. Sannan ya ɗora faifan a tafin hannunsa, ya kara a kunne na ɗan lokaci yana sauraro ko zai ji ƙas-ƙas, ya miƙo min ya ce in ji da kaina. Ɗan rawar jiki kawai na ji a tafin hannuna, mai laushi, ba tsayawa. Ya kuma ja min kunne a kan 'yan ƙananan nan da ake tallatawa wai terabait da yawa a farashin filashi. An yi musu dabara ne su nuna girman da ba su da shi, sai kin zuba kaya sun wuce ainihin cikinsu sannan su fara cinye na farko. Akwai manhajar H2testw da ke cika faifai ta karanta don tona wannan asirin, amma a babban faifai tana cin lokaci sosai.

Ya ba ni zaɓi tsakanin babban faifan tebur mai nasa adafta da soket, da ƙarami mai shan wuta daga kebul ɗin USB kaɗai. Babban ya fi sauri kuma ana samun masu faɗi sosai. Ni ƙaramin na ɗauka, guda biyu masu terabait 5, saboda zai shiga jakar hannuna in hau keke napep da shi ba wanda ya sani, kuma ba ya buƙatar wani soket na daban. Bai ɓoye min aibinsu ba. Ya ce yawancin ƙananan masu faɗi haka an jera layukan rubutunsu ne suna hawa kan juna, abin da ake kira SMR, don haka in aka daɗe ana zuba musu kaya ba hutawa gudunsu yakan ragu. A cikin NAS ba zai sa irinsu ba, amma ga kwafin da ake yi a cire, sun wadatar. Dalilin 5 maimakon 4 kuwa shi ne kwafin zai riƙa ajiye tsofaffin zubi, wato fayiloli yadda suke kafin a canza su, don haka dole faifan waje ya fi kayan da ke cikin na'urar faɗi.

Batun fomat, wato tsarin da ake shirya faifai da shi kafin a zuba masa kaya, ya ɗan tsaya a kai, kuma na ji daɗin hakan, don nan ne mutane ke faɗawa rami. FAT32 ba ya karɓar fayil ɗin da ya kai gigabait 4, bidiyon yinin biki kuwa yakan wuce haka cikin sauƙi. Tsarin ext4 shi na'urar ta fi sabawa da shi, amma in kin jona faifan a kwamfutar Windows ba za ta karanta shi kai tsaye ba, kuma ranar da kike buƙatar kwafin ai ranar da NAS ɗin ba ta nan ce. Shi exFAT kowa na karantawa, kuma tun fitowar DSM 7, babbar manhajar da ke tafiyar da NAS ɗin, a 2021 ba a biyan kuɗi kafin na'urar ta yi aiki da shi, sai dai ba ya riƙe littafin abin da yake cikin rubutawa, don haka in wuta ta ɗauke a tsakiya ya fi saurin rikicewa. Muka tsaya a NTFS, wanda ya yi a laftof ɗina: NAS tana rubutu a kai, Windows tana buɗewa, Mac ma tana iya karantawa.

Manhajoji biyu ne na kamfanin da ke wannan aikin, duka kyauta a cikin na'urar. USB Copy tana kwashe fayiloli ne yadda suke, ki jona faifan a kowace kwamfuta ki ga foldodinki a buɗe. Sauƙinta ya ja hankalina, amma sauƙin nan ne matsalarta a wajena: duk wanda ya tsinci faifan shi ma zai ga amaren mutane a buɗe. Hyper Backup ita kuma tana dunƙule komai cikin tsarinta, tana iya kulle shi da kalmar sirri, kuma tana ajiye zubi-zubi. Ma'ana in an ɓata hoto yau ba a lura ba sai bayan wata biyu, ana iya komawa zubin da aka yi kafin ɓarnar a ɗauko lafiyayyen. Bayan zubin farko, sabon abu da wanda ya canza kaɗai take ƙarawa, ba ta sake kwashe komai. Ita muka zaɓa, ya kunna min tsarin da take rage tsofaffin zubi da kanta in sun kai adadin da aka sa mata, tana barin na kusa-kusa da yawa, na nesa kuma ɗaya a mako. Ya buɗe aiki daban ga kowane faifai, ya liƙa musu farar takarda ya rubuta "Na ɗaya" da "Na biyu", ya kuma sa alamar cewa in kwafi ya kammala na'urar ta saki faifan da kanta, yadda zan zare kebul ba fargaba. Saitin na'urar ma, da asusun masu shiga, ya haɗa a cikin kwafin.

A wajen kullewar ne muka fara samun saɓani. Lokacin da aka sa kalmar sirri, manhajar tana sauke wani ɗan fayil na mabuɗi, wanda da shi ake buɗe kwafin in an manta kalmar. In babu kalmar babu mabuɗin, shi ke nan, ko kamfanin da ya yi na'urar ba zai iya buɗe miki ba. Sai yaron ya ce, "Hajiya, bari in tura wa kaina ta WhatsApp, in ya ɓace miki sai in ba ki." Na san da kyakkyawar niyya ya faɗa, don ya ce ya ga mutanen da suka yi kuka a kan wannan. Amma na ce masa a'a. Wayarsa tana iya faɗuwa a kasuwa, tana iya shiga hannun yaran shago, kuma ni na yi wa iyayen amare alkawarin ba namijin da zai riƙe hanyar ganin hotunan 'ya'yansu. Bai yi musu ba, ya goge shi daga inda ya sauka a gabana bayan mun sa shi a ƙaramin filashi. Filashin yana cikin ambulan tare da takardar da na rubuta kalmar da hannuna, a wajen da muke ajiye takardun gida, wani ambulan ɗin kuma yana hannun mahaifiyata. Ba a ajiye mabuɗi wuri ɗaya da faifan. Abin da ya dame ni shi ne da ban yi magana ba da ya tura, kuma ina jin da yawa daga cikin waɗanda yake yi wa aiki ba sa magana.

Laifinsa mafi girma a aikin nan ya faru ne a zubin farko. Faifai irin wannan a bakin USB 3, mai shuɗin ciki, yana ɗaukar wajen megabait 100 a daƙiƙa in abin ya tafi daidai, wato terabait ɗaya kusan awa 3. A tsohon baki na USB 2 sai ya haura awa 8. Ni kayana sun wuce terabait 2, ga kullewa, ga dubban ƙananan fayiloli da ke rage gudu, don haka aikin kwana ne. Ina da UPS, na'urar batirin da ke riƙe wuta na ɗan lokaci in an ɗauke, a ƙarƙashin teburin, amma ba a taɓa haɗa shi da na'urar ta kebul ɗin da suke magana da juna ba. Da wannan kebul ɗin, in wuta ta ɗauke batiri ya fara ja baya, UPS yana sanar da NAS ta daina rubutu ta rufe faifanta cikin tsari. Ya ce zai zo da shi, ya manta, kuma maimakon ya bari sai gobe, ya ce ai akwai inbata, ya tayar da kwafin ya tafi. Cikin dare aka yi iska da ruwa, wuta ta ɗauke, batirin inbata ya ƙare kafin asuba, UPS ya yi ta kuka har shi ma ya mutu, na'urar ta tsaya tana tsakar rubutu. Ba abin da ya ɓace, alhamdu lillahi, amma na ga tashin hankali da safen nan kafin fitilunta su dawo kore. Na kira shi wayar ta yi ta ringi ba a ɗauka ba, sai wajen azahar ya kira. Da ya zo bai kawo uzuri ba, ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, gaggawata ce." Ya haɗa kebul ɗin, ya zare filogin UPS daga bango a gabana don mu ga na'urar ta samu saƙon, ya duba lafiyar faifan ciki, ya goge rabin kwafin ya fara daga farko, bai ƙara ko kwabo a kuɗinsa ba. Na yaba da yadda ya gyara, amma mai wannan sana'a a garin nan bai kamata ya bar aikin kwana a hannun wutar gari ba.

Yanzu ga abin da ya sa duk da haka nake cewa a kira shi. Da kwafin ya kammala na ɗauka sallama ta rage. Sai ya danna maɓallin na'urar ya kashe ta gaba ɗaya, ya zare faifan ya ɗora min a kan tebur, ya ce, "Hajiya, a ɗauka an sace akwatin nan jiya da dare. Uwar amarya ta kira tana son hotuna. Bismillah." Ya ja kujerarsa zuwa bakin ƙofa ya zauna ya ba kwamfutar baya, ya ce in na maƙale in faɗa masa abin da nake gani da baki, ba zai juyo ba. Ni na jona faifan a laftof, ni na buɗe Hyper Backup Explorer da ya riga ya sa min, na nemo fayil ɗin da sunansa ya ƙare da hbk, na buga kalmar sirri. Jerin foldodina ya fito yadda na san su, shekara-shekara, biki-biki. Na zaɓi wani sa lalle da na ɗauka a Unguwar Sarki, na ce a sauke shi kan laftof. Na buɗe hoton hannun amaryar, na ja shi har ƙarshe, ga zanen baƙin lalle ya bi yatsu, ga jan a tafin hannu, har ɗan wurin da ya goge a gefen babban yatsa yana nan yadda na ɗauke shi. Daga bakin ƙofa ya ce in buɗe bidiyo ma, in ja shi zuwa ƙarshe, don fayil yana iya buɗewa a farko ya kasance ya yanke a tsakiya. Na ja, guɗar gwaggon amarya ta cika ɗakin. Sannan ya ce a kira babbar 'yata ita ma ta yi daga farko ba tare da na taimaka mata ba, saboda ranar da za a nema ba lallai ina gida ba. Ta yi, ta kuma rubuta matakan a littafinta da Hausa.

Na sha ba masu gyara aiki, daga kyamara har laftof, ban taɓa samun wanda ya ƙi tafiya sai ya ga na iya abin da hannuna ba. Manhajar za ta iya nuna miki koren rubutu cewa an yi nasara, amma ni sai da na ga hoton ya buɗe a wata na'ura, NAS tana kashe, sannan hankalina ya kwanta. Wannan rabin awar ita ce ainihin abin da na biya kuɗi a kai. Kuma juya bayan da ya yi, ba tare da na roƙe shi ba, ya nuna min ya fahimci irin kayan da ke hannuna.

Yadda nake yi yanzu ba wuya. Duk ranar da na dawo daga biki na zuba katin memori a NAS, sai in jona faifan da ke gida in danna a fara kwafi, kuma ba na goge katin sai an gama. Yawanci kafin in idar da sallar isha in ci abinci ya kammala, na'urar ta sake shi, in zare in sa a jakarsa in kai durowar ɗaki. Ɗayan faifan yana gidan Yayata a Malali. In na je gaishe ta ranar Juma'a sai in kai wannan in karɓo wancan. Da na fara kai mata ta tambaye ni, "Ke kuwa me ke ciki da ba zai zauna a gidanki ba?" Na ce mata kamar gwal ne, Yaya, mace mai hankali ba ta tara shi duka a akwati ɗaya, takan bar wani a wajen uwa. Ta sa shi a cikin kabad ɗinta ta kulle. Wannan tsarin na kwafi 3, a kan ma'ajiya iri 2, 1 a wajen gida, wani mai ɗaukar hoto ne ɗan Amurka, Peter Krogh, ya yaɗa shi, kuma ban yi mamaki ba da ya fito daga ɗan sana'armu. Mai hoton biki ba shi da damar cewa a sake.

Sauran ƙorafina ƙanana ne amma na gaske. Lokaci ba ya cikin abin da yake girmamawa: in ya ce bayan azahar, ki sa ran bayan la'asar. Rasit mai ɗauke da lambar kowane faifai sai da na bi shi kafin ya rubuta, alhali da shi ne za a yi maganar garanti in wani abu ya faru. In ya yi zurfi a bayani yakan koma turanci da sauri har sai an ce ya dawo. Sannan ya so ya buɗe wa kansa asusu a na'urar don ya riƙa taimaka min daga shago ta intanet. Wannan ma na ƙi, ya bari, ya kuma tabbatar asusun da ake kira admin a rufe yake, ya sa min shiga mai mataki biyu da lambar da ke fitowa a wayata, ya rufe ƙofofin rawuta da ba a buƙata. Ya iya aikin tsaro sarai, sai dai yana sa sauƙin aikinsa a gaba in ba a yi magana ba.

Akwai kuma inda ban bi ra'ayinsa ba. Shi gani yake ajiya a intanet ɓarnar data ce kawai. Ga terabait biyu na ɗanyen hoto na yarda da shi, don da layin waya ba ranar gamawa, kuɗin kuma da dala ake biya wata-wata. Amma takardun fili da na makaranta da hotunan mahaifina ba su kai ko gigabait 2 ba, kuma Google yana ba kowane asusu gigabait 15 kyauta. Na dunƙule su na kulle da kalmar sirri na ɗora a can. Tudun Wada da Malali gari ɗaya ne, kuma mu da muka girma a Kaduna mun ga lokutan da mutum ya bar gida da kayan jikinsa kawai.

Kan kula da faifan, abin da ya faɗa ya yi daidai da abin da na gani. Faifai mai juyawa ba ya son faɗuwa, musamman yana kunne, don haka a ƙasan kanta nake ajiye shi lokacin kwafi, ba a saman na'urar ba inda yaro zai ja kebul. Ba a barinsa a mota cikin zafin Maris. Ƙurar hunturu kuma NAS ɗin ta fi damu, don fankarta tana zuƙa, sai a kashe ta a hure ramukan lokaci-lokaci. Manhajar tana da wani binciken lafiyar kwafi da ke bin abin da aka ajiye ta tabbatar bai lalace ba. Yana cin lokaci, don haka nakan yi shi da rana in batirin sola ya cika. Nakan kuma ɗauko folda ɗaya daga tsofaffin shekaru in buɗe a laftof kamar yadda ya koya min, duk lokacin da na karɓo faifai daga wajen Yaya.

Farashin faifai ba zan rubuta ba, don yana bin dala, abin da na biya ba shi za ku tarar ba. Na dai zaga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi na tambaya, nasa ya ɗan fi tsada, amma a can ba wanda ya yarda a buɗe kwali a gwada kafin a biya. Kuɗin aikin hannunsa kuwa bai kai abin da nake karɓa a kamu ɗaya ba. Wanda kayansa hotunan waya ne kawai da 'yan takardu ba ya buƙatar injiniya, USB Copy da faifai ɗaya a durowa sun ishe shi, kuma wasu na'urorin har maɓallin kwafi gare su a gaba. Amma mai hoto, mai bidiyo, lauya, ko mai ƙaramin asibiti da ke riƙe da sirrin mutane, ya nemi wanda zai yi masa mai kullewa da zubi-zubi, ya riƙe mabuɗinsa da kansa, ya ga an haɗa UPS kafin a tayar da zubin farko, kuma kada ya biya cikon kuɗi sai an kashe na'urar ya dawo da fayil da hannunsa.

Abin da ke gabana yanzu shi ne wuri. Bukukuwan bayan sallah da na Disamba suna cika faifai da sauri, kuma ƙananan faifan nan ba sa wuce terabait 5 ko 6. Injiniyan ya ce ko dai a rage yawan zubin da ake ajiyewa, ko a kwashe shekarun da aka gama da su zuwa nasu faifan guda biyu a rufe, ko kuma a koma manyan faifan tebur masu terabait 8 zuwa sama, in haƙura da nauyinsu a hanyar Malali. Na fi karkata ga kwashe tsofaffin shekarun, kuma na gaya masa ya zo da rasit ɗinsa a rubuce da kebul ɗinsa a jaka.